Fayawol ɗinmu na ta sauya layi: wace iyaka ake sa wa Teams da manhajar lissafi daga Zariya?

Ɗan Kwangila:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar manya nake nema. A ofishin da nake kula wa da netwok muna da layi biyu, faiba da rautar 4G da aka ajiye saboda ko-ta-kwana, duka suna shiga fayawol ɗinmu ƙirar FortiGate, na'urar da ke tsaron netwok tana kuma zaɓar layin da za a bi. Wanda aka ba kwangilar kafa ta ya sa iyaka ɗaya ga komai: in jinkiri ya wuce milisakan 50, ko jita (tsalle-tsallen jinkirin) ta wuce milisakan 10, ko zubewar fakiti (ɓacewar ƙunshin data a hanya) ta wuce kashi 1 cikin 100, a bar faiba a koma 4G. To daga wajen ƙarfe goma na safe sai fayawol ɗin ta yi ta kai-komo tsakanin layukan har la'asar. Shafin banki yana fitar da mai lissafinmu tana tsaka da biyan kuɗi, manhajar lissafin da ke kan kilawud (wato sabarta tana can a intanet, ba a ofis ba) tana ta juyi ba ta buɗewa, datar 4G kuma ba ta kai ƙarshen wata. In na gwada gudun faiba sai in ga lafiya lau. Wace lamba ya kamata in sa? Shugabanmu ya fara cewa a cire fayawol ɗin gaba ɗaya.

Mai Kafe Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ku ƙara kuɗi a faɗaɗa muku layi kawai, ƙanena. In layi na da faɗi duk wannan lissafin bai taso ba.

Injiniya Samaru:
Wa alaikumus salam. Kada a cire ta. Kafin mu yi maganar lamba, ba ni amsar abu biyu. Wane adireshi fayawol ɗin take aika wa fing, wato ɗan saƙon gwaji, don ta auna layin? Manhajar lissafin kuma, a wace ƙasa sabarta take?

Ɗan Kwangila:
Yallaɓai, 8.8.8.8 take fing. Da safe yana zama tsakanin 30 da 40, da rana yana haura 50 ya sauko. Masu manhajar sun ce sabarsu tana Ailan.

Injiniya Samaru:
To ga matsalarka nan a fili, kuma biyu ce.

Ta farko, abin da ake aunawa daban, abin da ma'aikatanku ke amfani da shi daban. Adireshin nan na Google ba na'ura ɗaya ba ce, yana amsawa ne daga wurin da ya fi kusa da kai, kuma daga nan sau da yawa Legas ce. Wato fayawol ɗinku lafiyar hanyar Zariya zuwa Legas kaɗai ta sani. Abin da ke faruwa bayan Legas, cikin teku har Turai, ba ta da labarinsa.

Bari in yi maka lissafin nisa don ka ga inda 50 ta tsaya. Haske cikin faiba yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya. Wayar teku ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta daga Legas zuwa Fotugal kusan kilomita 7,000 ne. Zuwa kaɗai milisakan 35, da dawowa 70. Ba a sa Zariya zuwa Legas ba, ba a sa Fotugal zuwa Ailan ba, ba a sa tsayawar da fakiti ke yi a kowace rauta ba. Ko da kai kaɗai ne a kan layin, ko an faɗaɗa shi ninki goma, ba za ka taɓa ganin 50 zuwa waccan sabar ba. Faɗin layi yana ƙara yawan kayan da za su wuce a lokaci guda, amma nisan yana nan yadda yake. Malam mai kafe, a nan na rabu da kai.

Ko da masu manhajar za su dawo da ku Afirka ma, manyan cibiyoyin kilawud suna kudu ne: Microsoft ta buɗe nata a Afirka ta Kudu a 2019, AWS ta Amazon ta buɗe a Kef Tawun a 2020, Google kuma a Johannasbag a 2024. Can ma ta teku ake bi.

Ta biyu, an ɗora iyakar daidai inda layinku yake shawagi kullum. Layin da ke yawo tsakanin 40 da 55 da rana, aka ce 50 ce iyakarsa, ai dole ya yi ta faɗuwa yana tashi. Fayawol ɗin tana yin abin da aka ce ta yi ne.

Hajiya Kongo:
Injiniya ya gama magana a kan nisa. Ni abin da zan ƙara shi ne, iyaka ɗaya ba ta yi wa kowace manhaja, domin ba abu ɗaya ke cutar da su ba.

Murya da bidiyo, jita da zubewar fakiti ne manyan abokan gabarsu. Jinkirin da ya tsaya wuri ɗaya kunne yana jure shi. Ƙa'idar ITU, hukumar sadarwa ta duniya, mai lamba G.114 ta ce in muryar ba ta wuce milisakan 150 a tafiya ɗaya ba, yawancin mutane ba sa jin komai, sai an doshi 400 hira ke lalacewa. Amma in wannan fakiti ya iso a 90, na bayansa a 200, na bayansa ya ɓace, nan ne za ka ji murya tana yayyankewa. Ga Teams, manhajarta ta kira da taro, Microsoft ta ba da nata ma'auni daga kwamfutar mutum zuwa bakin netwok ɗinta: zuwa da dawowa ƙasa da 100, jita ƙasa da 30, zubewa ƙasa da kashi 1. Zoom kuwa ta ce 150, jita 40, zubewa kashi 2. Ka lura ko su ba su sa jita 10 ba.

Manhajar lissafi kuma ba ruwanta da jita sosai. Ita zubewar fakiti a kan doguwar hanya ce ke kashe ta, saboda TCP, tsarin da ke tabbatar da data ta isa cif, duk lokacin da fakiti ya ɓace sai ya rage gudu ya sake aikawa, kuma sai ya jira zuwa da dawowa kafin ya farfaɗo. Akwai wani lissafi sananne da Mathis da abokan aikinsa suka fitar a 1997. In ka sa jinkiri 150 da zubewa kashi 1 a cikinsa, haɗi ɗaya na TCP ba zai wuce kusan megabit 1 a sakan ba, komai faɗin layin da ka biya. Shi ya sa gwajin gudu yake nuna maka lafiya, tunda saba ta kusa yake nema kuma haɗi da yawa yake buɗewa, alhali mai lissafinku tana zaune tana kallon allo yana juyi.

Ɗan Kwangila:
Allah ya ƙara basira Hajiya. Wallahi wannan na ƙarshen shi ne abin da na kasa yi wa shugabanmu bayani.

Mai Faiba:
Ni aikina jan waya da haɗa ta, don haka bari in faɗi abin da nake tararwa a ofisoshi. Ka ce matsalar tana farawa ƙarfe goma. Ƙarfe goma kowa ya zauna, kwamfutoci sun fara tura fayiloli zuwa OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, wayoyin ma'aikata sun hau wayafai suna ɗora hotuna da bidiyo. Yawancin layukan da ake sayarwa, ɓangaren ɗorawa ya fi na saukewa ƙanƙanta. Da ya cika, fakitoci sai su yi layi a cikin rauta suna jira, fing ɗin fayawol ma ya shiga layin. Sai ta ga jinkiri ya tashi ta ce faiba ba ta da lafiya, alhali ku ne kuka cika ta. Ka buɗe jadawalin fita na faiba ka kwatanta da lokacin da ake sauya layi. Ina kyautata zaton za su zo daidai.

Mai Kafe Sabon Gari:
Oga mai faiba, kullum ku laifin kwastoma ne. Ni na san dare ɗaya da babu kowa a shagona, na'ura ɗaya ce a kunne, fing yana tsalle daga 40 zuwa 300. Wa ya cika layin a lokacin? Masu ba da intanet suna sayar wa mutum goma abin da ya ishi uku, kowa ya sani.

Mai Faiba:
Ban musa ba, akwai wannan, musamman da daddare a layin da ake rabawa. Amma nasa da rana ne, lokacin aiki. Kuma gane bambancin ba wuya: ya yi fing zuwa rautar farko ta mai ba shi intanet yana kallon jadawalinsa. In jinkiri ya tashi alhali layinsa bai cika ba, to ya kira su, yana da hujja a hannu.

Injiniya Samaru:
Duka biyun suna faruwa, kuma gwajin da ya faɗa shi ne zai raba gardama. In ya tabbata cikawa ce, maganinta a tsara zirga-zirga: ka gaya wa fayawol ainihin ƙarfin layin, ka rage kaɗan daga abin da kake samu a zahiri, misali kashi 90 cikin 100, don layin jiran ya kasance a hannunta, ba a rautar wani ba. Sannan ka ba murya gaba. Sautin Teams da bidiyonsa suna bin ƙofofin UDP masu lamba 3478 zuwa 3481, ba su da wuyar warewa. Wayafai na wayoyin ma'aikata kuma a yanka masa rabonsa.

Ɗalibi Shika:
Yayyena ku yi haƙuri da tambayar mai koyo. Ni ban gane abin da ya haɗa sauya layi da fitar da mutum daga shafin banki ba. Ai intanet bai ɗauke ba.

Hajiya Kongo:
Tambaya mai kyau ce ƙanena. Kowane layi da adireshinsa na waje. Mai lissafi ta shiga shafin banki ta faiba, banki ya san ta da wannan adireshin. Burauza ba haɗi ɗaya take buɗewa ba, tana ta buɗe sababbi duk lokacin da aka danna wani abu. In fayawol ta sauya ra'ayi a tsakani, tsohon haɗin yana iya zama a faiba, sabon kuma ya fita ta 4G da wani adireshi. Shafuka da yawa masu hulɗa da kuɗi in suka ga haka sai su ɗauka wani ne ya sace zaman, su rufe. Kuma suna da gaskiya. Saboda haka ni shafukan banki da na biyan kuɗin gwamnati ba na sa su ƙarƙashin iyakar jinkiri sam. Doka ta daban nake yi musu: su zauna a faiba ko tana tafiyar hawainiya, kada su tashi sai ta mutu.

Injiniya Samaru:
Wannan ta kawo mu kan abin da mutane da yawa ke haɗawa wuri ɗaya, wato layin da ya gaza cika sharaɗi da layin da ya mutu. A FortiGate, yadda take zuwa, tana aika gwaji duk milisakan 500. In biyar suka ɓace a jere sai ta ce layi ya mutu, ta janye hanyoyinsa, in biyar suka dawo a jere ta ce ya tashi. Wato sakan biyu da rabi na shiru sun isa a yanke masa hukunci, sakan biyu da rabi kuma a mayar masa da kowa. A wurin da wuta ba ta motsi wannan daidai ne. A nan kuwa, ɗauke wuta da tashin janareta a wata hasumiya ko wani akwati a hanya yana iya jawo ɗan shirun nan, layi ya dawo, ya sake ɗaukewa. Ni abin da nake yi: fita da ɗan sauri, dawowa a hankali. Ina barin adadin faɗuwa kusa da yadda yake, amma na dawowa ina ɗaga shi sosai, sai layin ya yi kamar rabin minti ko minti ɗaya yana amsawa ba yankewa. Akwai kuma lokacin jira da ake sa wa dokar kanta don kada ta koma layin farko da gaggawa. Ka nemi wannan ka kunna.

Malam Tudun Wada:
Injiniya, da girmamawa, ni ina ganin duk wannan wahalar da kai ce. Akwai tsarin da suke kira Best Quality. Ba ka sa lamba ko ɗaya, na'ura ta duba layin da ya fi kyau a lokacin ta bi. Mu haka muke yi kuma ba mu da kuka. Mutum ya zauna yana ƙirƙirar iyaka, gobe hanya ta canza, iyakar ta zama tarihi.

Injiniya Samaru:
Malam, layukanka nawa kuma wane iri?

Malam Tudun Wada:
Faiba biyu, daga kamfani biyu, duka kuɗin wata ne ba ƙidayar data.

Injiniya Samaru:
To kai ya yi maka, ban ja ba. Shi kuwa layinsa na biyu duk megabait kuɗi ne. A wancan tsarin, da 4G ta ɗan fi faiba da tazarar da aka sa, wadda take zuwa a kashi 10 cikin 100, sai a kwashe ofis gaba ɗaya a kai can, ko da faiba tana aikinta daidai. 4G da safe takan yi kyau, sai a koma kanta, a cika ta, ta lalace, a dawo. Shi tambayar da ta dame shi ita ce ko faiba ta isa aikin, ba wane layi ne ya fi ba. Tsarin Lowest Cost shi ne ya dace da shi: a zauna a mai araha muddin yana cika sharaɗi.

Malam Tudun Wada:
Na yarda da batun kuɗi. Amma maganata ta cewa iyaka tana tsufa tana nan.

Hajiya Kongo:
Tana nan kam, Malam. Ni ma na ga mai ba da intanet ya canza hanyar da yake fita waje, jinkiri ya ƙaru da kusan 20 ya zauna a haka. Amma wannan dalili ne na a riƙa dubawa lokaci-lokaci, misali duk bayan wata uku, ko duk lokacin da aka canza layi.

Ɗan Kwangila:
To yanzu ta yaya zan fitar da lambar? In ɗauki ta Microsoft in sa?

Injiniya Samaru:
A'a. Lambar Microsoft tana gaya maka abin da manhaja take so. Ba ta san Zariya ba. Wanda ya kafa muku ya ɗinka muku riga da awon wani ne, kada ka sake ɗauko awon wani.

Ka fara da aunawa ba tare da ka bar fayawol ta ɗauki mataki ba. Ka yi gwaji daban ga kowane rukuni: ɗaya zuwa sabar manhajar lissafi, ɗaya zuwa Microsoft, a kan layukan biyu. Kada ka dogara da fing a nan, sabobin kilawud da yawa ba sa amsa shi, rautoci kuma sukan mayar da shi baya in suna da aiki. Ka yi amfani da gwajin TCP ko HTTP zuwa adireshin da manhajar take amfani da shi. Sai dai ka sani gwajin HTTP yana haɗawa da lokacin da sabar ta ɗauka kafin ta amsa, don haka lambarsa takan ɗan fi girma.

Ka bar shi ya yi mako ɗaya ko biyu, ya haɗa da ranar da aiki ya fi yawa, kamar ƙarshen wata. Kada ka ɗauki matsakaici, matsakaici yana ɓoye munanan lokuta. Ka nemi lambar da kashi 95 cikin 100 na gwaje-gwajen suke ƙasa da ita a lokacin aiki. Iyakarka ta zauna sama da wannan da ɗan rata, ta kuma zauna ƙasa da inda manhajar take fara ba mutane wahala. Wannan na biyun, ma'aikata ne za su gaya maka. Ka ce wa mai lissafi duk lokacin da abin ya yi nauyi ta rubuta ƙarfe nawa, ka je ka duba jadawali.

Sai abu na ƙarshe da ake yawan mantawa: ka kalli lambar layin da za a gudu zuwa gare shi. In faiba ta kai 180 zuwa Ailan ka ce a tashi, alhali 4G kullum tana 200 da jita mai yawa, me aka yi ke nan?

Ɗalibi Shika:
Yaya, in suka sa Starlink a madadin 4G fa? Na ji an ce jinkirinta kaɗan ne.

Mai Faiba:
In aka kwatanta da tsohon tauraron ɗan'adam, kaɗan ne ƙwarai. Waɗancan suna nisan kilomita 35,786, zuwa da dawowa kusan milisakan 600. Na Starlink kuwa nisansu 'yan ɗaruruwan kilomita ne kawai. Najeriya ce ƙasar farko a Afirka da ta fara samu, a Janairun 2023. Alherinta babba a wurinmu shi ne ba ta bin ramin da faiba ke bi. Don ka sani, kamfani biyu suna iya sayar maka da layi biyu alhali wayoyinsu a rami ɗaya suke a gefen titi, katafila ɗaya ta masu gyaran hanya ta yanke su tare. Amma ita ma da halinta. Taurarin tafiya suke yi, faranti yana sauyawa daga wannan zuwa wancan, jita takan ɗan yi tsalle. Ruwan sama mai ƙarfi irin na Agusta kuma yana rage ta. In ka sa mata iyakar faiba za ta yi ta faɗuwa. Ita ma a auna ta da kanta, kuma awon rani ba zai wadatar da damina ba.

Hajiya Kongo:
Tunda an zo nan, ku tuna 14 ga Maris 2024, cikin azumi. Wayoyin teku huɗu suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. A ranar duk wanda ke auna hanyar Legas kaɗai, allonsa kore ne shar, alhali manhajojin da ke Turai ba sa buɗewa. Wanda ke auna Turai kuma ya ga layukansa duka sun gaza a lokaci ɗaya, domin daga Legas hanyarsu ɗaya. Abin da ya taimaka shi ne akwai wasu wayoyin da abin bai shafa ba, irin Equiano ta Google da ta sauka Legas a 2022, aka karkata zuwa can. Darasin da ya shafi maganarmu: ka san abin da fayawol ɗinka za ta yi in babu layin da ya cika sharaɗi. A Lowest Cost tana komawa ga jerin fifikon da ka tsara. Ka tabbata faiba ce a sama, don kada ranar da duniya ta rikice ku ƙone data a banza. Kuma ka tambayi masu ba ku intanet ta waɗanne wayoyin teku suke fita, da ko suna haɗe da IXPN, mahaɗar intanet ta Najeriya, don abin da ke cikin gida ya tsaya cikin gida.

Oga Palladan:
Ina biye da ku tun ɗazu. Mu fayawol ɗin Palo Alto muke da ita, sunaye ne suka bambanta amma maganar ɗaya ce. A can ana yin bayanin ingancin hanya, a sa jinkiri da jita da zubewa, kowanne kuma a zaɓa masa yadda zai yi saurin ji, babba ko matsakaici ko ƙarami. Ga manhajojin kilawud akwai bayani na daban inda za ka zaɓi a auna ta adireshi tsayayye, ko ta shafin manhajar, ko a bar fayawol ta lura da zirga-zirgar manhajar kanta. Abin da ya burge ni, layin LTE (wato 4G) da na tauraro ba a matsa musu da gwaji kamar faiba, saboda an san kuɗi ne. Ƙanena na Kwangila, ka lissafa wannan ma. Gwaji biyu a sakan ya zama 172,800 a yini. In ka ƙiyasta bayit 100 zuwa, 100 dawowa, ka doshi gigabait 1 a wata, a kan adireshi ɗaya, ba wanda ya buɗe komai. In ka ƙara adireshi uku da gwajin HTTP, ka ga inda data take tafiya. A 4G ka tsawaita tazarar.

Ɗan Kwangila:
Ikon Allah. Wannan ban taɓa kawo shi a raina ba, Oga.

Oga Palladan:
Ka kuma duba ko kuna buɗe rufaffen zirga-zirgar Microsoft 365 don bincike. Microsoft da kanta ta ware adiresoshin da ta sa a rukunin Optimize ta ce a bar su su wuce kai tsaye. In ƙaramar fayawol ce tana fama da buɗewa da rufewa, jinkirin daga cikin gida yake, kuma gwajin layi ba zai nuna shi ba.

Ɗan Kwangila:
Salam manya, na dawo da rahoto. Maganar Oga mai faiba ta tabbata: duk lokacin da aka sauya layi, ɓangaren ɗorawa na faiba a cike yake, OneDrive da wayoyin ma'aikata ne. Na tsara zirga-zirga, na ware shafukan banki kamar yadda Hajiya ta ce, tun daga nan ba a sake fitar da mai lissafi ba. Awon da na samu a faiba lokacin aiki: zuwa Ailan yawanci 135 zuwa 150, zuwa Microsoft ƙasa da haka sosai, jita ba ta cika wuce 12 ba. A 4G zuwa Ailan 170 zuwa sama da 200, jita tana kai 40. Ga abin da nake shirin sawa. Manhajar lissafi: jinkiri 220, zubewa kashi 1, ban sa jita ba. Teams: jinkiri 150, jita 30, zubewa kashi 1. Ku duba mini.

Mai Kafe Sabon Gari:
To wannan karon Oga mai faiba ya ci. Amma nawa na dare yana nan, zan kawo jadawali.

Injiniya Samaru:
Madalla, aiki ya yi kyau. 220 ta yi, tana sama da abin da 4G ke bayarwa, don haka in an tashi an tashi zuwa abin da ya fi. Gyarana a kan zubewa ne. FortiGate tana lissafa jinkiri da jita daga gwaji 30 na ƙarshe, zubewa kuma daga 100 na ƙarshe. Wato fakiti ɗaya shi ne kashi 1. In biyu suka ɓace cikin sakan 50 ka haura iyaka. Wannan ya yi tsauri a hanyarmu. Ni zan sa 3 ga manhajar lissafi, 2 ga Teams.

Hajiya Kongo:
A Teams na yarda da 2. A manhajar lissafi 3 ta yi yawa, Injiniya. Ka tuna lissafin ɗazu, kashi 1 ma a wannan nisan ya riga ya danne gudu. In aka jira sai ta wuce 3, mai lissafi ta daɗe tana shan wahala. Ni 2 zan sa, in dogara da lokacin jira ya hana kai-komo.

Injiniya Samaru:
Ya danganta da zubewar 4G ɗinsa, bai faɗa mana ita ba. In ita ma tana taɓa 2 da rana, babu inda za a gudu.

Ɗan Kwangila:
Tana taɓawa Yallaɓai, musamman bayan azahar. Da safe kuwa sifili take.

Hajiya Kongo:
To ka fara da 3 kamar yadda ya ce, amma ka sa fayawol ta riƙa rubuta duk lokacin da faiba ta wuce 2, ka haɗa da lokutan da mai lissafi ta rubuta. In sun yi ta zuwa daidai, matsalar ta koma neman layi na biyu da ya fi wannan, sai ka kai wa shugabanku takarda da lambobi. Ka turo mana jadawalin bayan an biya albashi.